Ƙasar da Baba Ya Hana a Haƙa

Marfin wata 'yar samira ne ya fara. Ina amarya a gidan su maigidana a Talata Mafara, ina zaune da hantsi ina tsintar shinkafa, sai na ji ƙil daga cikin jerena. Na ɗaga kai. Babu ɓera, babu iska, ƙofar ma a saye take. Na mayar da idona kan faifai, sai ƙil kuma. Marfin yana motsi shi kaɗai a kan kwanonsa, ya tsaya, ya sake, kamar wani yana taɓa shi da farce ta bayan bango. Na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa, bai daina ba. Na fita ko takalmi babu, na faɗa ɗakin uwar mijina, wadda muke kira Iya.

Surukina, wanda muke kira Baba, yana kwance a ɗakin, zazzaɓi ya hana shi fita aikin madatsar ruwa ranar. Da ya ji abin da nake faɗa wa Iya sai ya sauko da hannunsa daga gado ya shimfiɗa tafinsa a kan daɓe, ya rufe ido. Can ya ce, "Ki gaya ma amarya ba aljannu ba ne, mu ne. Turke aka kafawa wajen gadar babban magudanin ruwa. Kunne ba shi ji daga nan, amma ƙasa na kawo saƙo." Ya ƙara sauraro da tafin hannun, ya ce, "Har yanzu laka suka ci, ba su kai ga tauri ba."

Shi ne muka rasa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baba ya cika ranar wata Alhamis bayan la'asar, a sabon matsugunin da ke kan hanyar Maradun, inda aka zaunar da mutanen da ruwan Bakolori ya ci garuruwansu. Ba zan kama sunansa ba, ban taɓa kamawa yana raye ba.

An zo gaisuwa daga ko'ina. Malaman Bakura, danginsa na wajen uba, sun cika ƙofar gida da karatu. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo daga Birnin Tudu, ɗaya daga cikinsu yana kuka kamar mace, yana cewa bai taɓa jin mutumin nan ya ɗaga murya a kan lebura ba. Matan Morai, dangin Iya, sun kwana suna daka gumba. A cikin matan gari kuwa magana iri biyu ce. Wasu suka ce wanda ya kafa musu tankin ruwa ya tafi, Allah ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da su. Wata tsohuwa da gonarta da gidanta suke ƙarƙashin tafki ta zauna ta daɗe, da za ta tashi ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi," ba ta ƙara ko kalma ba. Kowa ya gane. Baba ya yi aikin madatsar, kuma ba kowa ne ya yafe wa waɗanda suka yi aikin ba. Iya kuwa hularsa tana kan cinyarta tana ta gyara mata kari.

Ranar addu'ar uku Sarkin Fawa ya shigo har ƙofar ɗakin Iya, da yake dattijo ne. Ina durƙushe a gefe ina raba gumba. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi haƙuri, ya sake tambaya, sannan ya ce, "Iya, duniya ta san mun yi faɗa da shi, amma wallahi ban taɓa ganin mai amana awa shi ba. Abu guda ne ban gane ba har yat tafi, wato inuwar tankin ga da ya hana mu. To mai gari ya ba mu ita yanzu. In an yi bakwai za mu haƙa ramin jini, mu zuba daɓe, mu kafa tebura. Kullum munka yanka sai mun yi mai addu'a."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni kuwa na san dalilin da shi bai sani ba. Akwai mutane kwance a ƙarƙashin inuwar nan. Kuma a iya sanina, duk duniya ni kaɗai na rage da na san haka.

Sai na koma baya kafin a gane yadda matar ɗa, wadda ko haɗa ido da surukinta ba ta yi, ta zama ita ce ke riƙe da wannan magana.

Baba ya fito daga gidan malamai, shi kaɗai ya kauce ya bi aikin gini. Ya yi karatun a Kaduna tun zamanin Turawa, ya yi shekaru a ma'aikatar ayyuka, da aka fara madatsa aka ɗauke shi. Ba ya ɗora bulo. Aikinsa shi ne abin da ke ƙasa: ya auna nauyin gini, ya san irin ƙasar da za ta ɗauka, ya zana inda za a kafa dogayen ginshiƙan siminti da rodi da ake turawa cikin ƙasa. Shi turaku yake ce musu, sunan ya bi bakin kowa. Yakan ce, "Gini daga ƙasa yake mutuwa, sama labari kawai take ji."

Na yi sakandare kafin aure, kuma ina da son tambaya, amma kunya ba ta barina in yi masa magana kai tsaye. Sai in ce, "Iya, ki tambayi Baba, me ya sa sai an binne siminti mai yawa haka inda ba mai gani?" Shi kuma yana zaune a tabarma kusa da mu sai ya ce, "Ki gaya ma amarya ta kawo ƙwaryar kunun can." Kunun ya huce ya yi fata a sama. Ya ɗora ɗan dutse a kai, dutsen ya tsaya kaɗan, sannan ya nutse. Ya ce baƙar lakar fadamarmu ke nan, da rani ta yi tauri ta yaudare ka, da damina ta kumbura ta saki. Ya karya kara gutsure huɗu, ya soka su har suka taɓa gindin ƙwarya, ya ɗora marfi a kansu, ya ɗora dutsen. Ya zauna daram.

Iya ta ce, "Kai dai ɓarnar abinci ka iya. Wa zai sha wanga kunu?"

Ya ce, "Ni." Ya zare karan, ya tsamo dutsen, ya shanye abinsa.

A irin wannan zama na koyi cewa dogon gini abokan gabansa biyu ne, nauyinsa da iska. In guguwar farkon damina ta taso daga gabas ta bugi abu mai tsawo, turakun yamma ana danna su, na gabas ana fizgar su sama, dole mai zane ya yi wa kowanne tanadi. Na koyi cewa wani turken ba ya kaiwa ga tauri, ƙasa ce ke riƙe shi ta jiki kamar yadda hannu ke riƙe taɓarya. Kafin ya zana komai sai injin haƙa ya fito masa da ƙasa daga can ciki a cikin bututu. Wani lokaci yakan zo da ita gida kafin a kai ɗakin gwaji, ya jera a kan buhu a tsakar gida, baƙa, ja, fara mai yashi, ya murza a yatsa, ya sansana. Gidan sai ya ɗauki wani wari mai sanyi kamar gindin rijiya. Ba na son wucewa ta wurin. Ina jin kamar an tada wani abu da rana ba ta taɓa gani ba.

Da aikin madatsa ya kusa ƙarewa aka ba shi zanen gindin wani dogon tankin ruwa a sabon matsuguni. Mutanen wurin ruwan kududdufi suke sha, kurkunu ya kwantar da rabinsu, alhali tafkin da ya kore su yana nan shimfiɗe ba iyaka. Tudu ɗaya ne a garin wanda in an kafa tanki a kansa ruwa zai gangara kowace unguwa.

Wata rana ya dawo da azahar, ba lokacin dawowarsa ba. Bai ci abinci ba. Ya zauna bakin rariya yana wanke hannu, ya wanke, ya sake wankewa, har butar ta ƙare ya sa aka ƙaro. Washegari ya aika Bakura a kira masa wansa, Malam Babba, wanda shi ne ke riƙe da makarantar gidansu. Iya ta tafi suna Morai, maigidana yana makarantar da yake koyarwa. Ni na ɗauko musu abinci, na iso bayan zanar da ta raba turakar Baba da tsakar gida, na yi sallama. Ba su ji ba, muryoyinsu sun riga sun hau.

Malam Babba yana cewa, "Musulmi ne?"

"Musulmi ne, Yaya. Injin ya fito da ƙashi da katangar tukunya. Na sa an buɗe kaɗan da hannu. Fuska gabas, an rufe su da fasassun tukwane yadda kakanninmu ka yi. Gulbi ya kawo laka ya binne su tun da daɗewa, babu mai tuna an taɓa gari nan."

"To mi kake tambaya ta? Ka san hukunci. Ɗauke ƙarfenka ka bar masu gidansu."

"In kai shi ina? Tudun guda ne. Injin zai tafi ƙarshen rani, ba shi dawowa. Ka je ka ga ƙafafun matan nan."

"Sai ka kafa ma matattu turke a ƙirji?"

"Ba ni taɓa ko ɗaya. Zan kauce masu."

"Ka kauce masu, ka aza dutse bisa kansu! Kun nutsar da kabarin uwarmu cikin tafki, ko ziyara ba mu iyawa. Bai ishe ka ba?"

Mahaifiyarsu a garin iyayenta ta rasu, ɗaya daga garuruwan da ruwa ya ci. Ban taɓa jin an ambaci wannan a gidan ba sai ranar. Da Baba ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce in mutanen suka ji akwai maƙabarta a wurin ba za su sha ruwan ba, wataƙila ma ba za su zauna ba, kuma an riga an tashe su sau ɗaya. Ya roƙi wansa ya rufa. Malam Babba ya ce zai rufa, amma ba zai sa albarka ba. Ya fito ya wuce ni ina durƙushe da kwano, bai ci ba, ya kama hanyar Bakura.

Baba ya leƙo ya gan ni. Ranar ce ya fara yi mini magana ba tare da Iya a tsakani ba. Ya ce, "Ɗiyata, kin ji?" Na ce, "Na ji, Baba." Ya ce, "To."

Ya yi kwanaki a kan tebur da takardunsa, daga safe har rana ta yi sanyi. Daga baya, a hankali, ya riƙa ba ni bayanin abin da ya yi, ina jin don ba shi da wani da zai faɗa wa. Ya bi da ƙaramin abin haƙa na hannu ya gano iyakar kaburburan, ba su da yawa, suna gefe ɗaya na tudun. Ya ɗauke turakun wannan gefen ya fitar da su waje da iyakar, ya ƙara musu yawa da tsawo, domin nauyi ya ƙaru a kansu da suka yi nisa. Ya haɗa kawunansu da wani ƙaton gungumen siminti da ya tsallake wurin ta sama, bai zauna a kan ƙasar ba. Babban injiniyan aikin, wani bature, ya ga ƙashin, ya cire hularsa, ya bi lissafin Baba ya ga ya tsaya, ya yarda. Turakun da ke kusa da kaburburan kuwa Baba ya hana a buga su da guduma. Ya sa aka haƙa ramukansu a hankali aka zuba siminti a ciki, ko da yake hakan ya fi cin lokaci. Ya ce mini, "Ba a kiɗa ma mai barci ganga a kunne."

Da tankin ya tashi sai ga shi ƙafafunsa na gefe ɗaya sun buɗe, da wani fili a tsakani wanda ba komai a ciki. Mutane suka sa masa suna Mai Gwame. Aka ce injiniya ya tsufa, awo ya kuɓuce masa. Yana ji yana murmushi. Ruwa dai ya gangara, kurkunu ya ragu.

Malam Babba bai sake taka gidanmu ba. Da salla sai dai saƙon gaisuwa. Da ya rasu Baba ne ya yi masa wanka. Ban sani ba ko sun yafi juna. Ban sani ba kuma wane ne ke da gaskiya a cikinsu, ni ba malama ba ce.

Da Baba ya ajiye aiki ya ba kowa mamaki. Ya bar gidansa na Mafara mai wuta da famfo, ya gina ɗan gida a sabon matsuguni daura da tankin. Maigidana ya nemi a mayar da shi makarantar garin, muka bi su. Kullum bayan fitowar rana Baba zai ɗauki tsintsiya da kansa. Yakan share filin nan daga gefe, yana miƙa hannu, ba ya taka tsakiya. Ba ya bari a ɗaure jaki a wurin, ba ya bari a zuba shara, wanda ya tsuguna fitsari kuwa zai ga fushin da lebura bai taɓa gani ba. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi yakan rataya igiya mai darma a jikin ƙafar tankin don ya ga ko ta karkace, ya tsura mata ido, ya dawo ya ce wa Iya, "Bai motsa ba." Iya ta ce, "Kai ma ba ka motsa ba."

Ni in zan wuce ta wurin, ko da tsakar rana ce, inuwar tana da wani sanyi irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Nakan ji kamar na shiga cikin mutanen da suka yi shiru saboda shigowata. Wataƙila don na sani ne. Amma na lura mata masu tallar fura, da ba su san komai ba, ba sa daɗewa a wurin, sai su ce barci yake sa su.

Faɗansa da Sarkin Fawa a kan wannan inuwa ne. Wurin yana bakin kasuwa, ga ruwa kusa, ga sanyi, babu inda ya fi shi dacewa da nama. Sarkin Fawa ya zo da lallami, ya zo da tsiya. Wata rana na ji shi daga ƙofar gida yana cewa, "Injiniya, don Allah tankin ga matarka ta biyar ce?"

Baba ya ce, "Uwargida ce. Ka nemi wata."

"Ƙasar gwamnati ce fa, ba ta ubanka ba."

"Ba ta ubana ba ce, gaskiyarka. Amma tana da masu ita."

Sarkin Fawa ya ɗauka gwamnatin yake nufi. Bayan wannan Baba ya auna musu wani wuri a ƙarshen kasuwa, ya zana musu daɓe mai gangara da magudana, ya tsaya a rana har aka gama, yana miƙa wa magina bulo da hannunsa. Sun gode, sun koma can, amma wurin ba inuwa kuma da nisa, idonsu bai bar gindin tanki ba.

Akwai alherin da ya yi mini wanda ban taɓa faɗa ba. Ɗana na fari ya koma kwana kaɗan bayan suna. Mata ba sa zuwa maƙabarta, ina ɗaki ina tunanin inda aka sa shi, ga damina ta kankama. Da suka dawo Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin Iya, inda ya san zan ji, ya ce, "Ki gaya ma ɗiyata ni na zaɓi wurin. Jar ƙasa ce busasshiya, ruwa ba shi kwanciya, ba ta zabtarewa. Na duba da hannuna." Duk gaisuwar da aka yi mini babu wadda ta sanyaya mini zuciya kamar wannan.

Cikin ciwon ajalinsa na kai masa kunu wata safiya, Iya ta fita shanya. Ya ce in zauna. Ya ce, "Ɗiyata, Yaya ya tafi, baturen ya koma ƙasarsu, masu injin sun watse. Saura ni da ke." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ban ce ki faɗa ba, ban ce ki ɓoye ba. Ni na kasa zaɓe, sai na yi gadi. Ke ba ki iya gadi, kina cikin gida." Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Ba mu sake maganar ba.

Shi ya sa bayan fitar Sarkin Fawa ranar uku na rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru, za a haƙa ramin jini a kan bayin Allah da aka yi wa salla aka juya fuskarsu gabas, diga za ta shiga inda Baba ya hana gudumar inji ta kusanta. In na faɗa, mutumin da ko bakwai ba a yi masa ba zai shiga bakin duniya, a ce ya shayar da gari ruwa daga kan matattu shekara da shekaru yana ɓoyewa. Na yi alwala na yi nafila, na roƙi zaɓin Allah. Na kwana biyu ina ɗaukar maganar ina ajiyewa. Ranar da na hango an sauke diga da shebur a gindin tanki, na sami maigidana yana karyawa na faɗa masa duka.

Ya ajiye kofin shayi. Ya ce, "Shekara nawa kina gidana da wagga magana? Ubana ne fa." Na ce, "Shi ya aza mini, ba ni na ɗauka ba." Ya tashi ya fita bai ƙare karin ba. Na zaci fushi ya yi. Ashe liman ya tafi kira, da mai gari, da Sarkin Fawa.

Suka zauna a zaure, ni ina bayan ƙyaure. Liman ya yi mini tambayoyi a natse: da kunnena na ji, ko labari aka ba ni? Ina fuskarsu take? Da me aka rufe su? Na amsa abin da na sani, abin da ban sani ba na ce ban sani ba. Ban taɓa magana gaban maza haka ba. Mai gari ya ce ko a ɗan tona a tabbatar. Maigidana ya ce in za a tona ai gara a bar mahauta su tona.

Kowa ya gama faɗin nasa. Sannan na ji Sarkin Fawa yana share hanci. Ya ce, "Ashe shi yas sa. Ni ina ce mai matarka ta biyar." Ya ci gaba. "Ubana da uwata da ɗiyana biyu suna ƙarƙashin tafki. In na so gaishe su sai in tsaya bakin ruwa awa mai kamun kifi. Waɗanga ba mu san su ba, amma Allah ya aje muna su inda ƙafa ka kaiwa. Liman, in an yarda, ni zan kewaye wurin. Yarana su ɗauke digarsu."

Liman ya ce abin da Baba ya yi malamai za su iya saɓani a kansa, shi ba zai yanke wa mamaci hukunci ba. Ya ce tankin ya tsaya, ruwan halal ne, ba ya taɓa kowa. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya yafe wa Baba in ya yi kuskure, Allah ya saka masa in ya dace. Aka shafa.

Maganar ta zaga gari kafin la'asar. Abin da na ji tsoro ya faru, ko da yake bai kai yadda na zata ba. Wasu gidaje sun koma ɗibar ruwa a magudani, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Na ji an ce wata ta tofar da yawu da aka ambace shi a gidan biki. Iya ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, rana ta uku ta miƙo mini tsintsiyarsa ta ce in ba wanda zai riƙa sharar.

Na rubuta wannan ne don in an ce Mai Gwame a san ba awo ne ya kuɓuce ba, kuma don jikokinsa su san irin kakan da suka yi. Ya Allah, Kai ka san abin da ke cikin ƙasa da abin da ke cikin ƙirji. Ka yalwata masa makwanci, ka sa ƙasa ta yi masa sauƙi kamar yadda ya nemi ta yi wa waɗanda bai sani ba. Ka haɗa shi da wansa da mahaifiyarsu a inda babu saɓani. Ka jiƙan na gindin tanki da na ƙarƙashin tafki, da mu in tamu ta zo.

Shekaranjiya na fita zuwa asibiti da ɗiyata, 'yar shekara shida, wadda Baba yake kira amaryarsa yana ba ta alewa a ɓoye. Hanya ta bi da mu ta gindin tanki. Mahauta suna kewaye filin, suna jera bulo a kan ƙasa ba tare da sun haƙa tushe ba, Sarkin Fawa yana tsaye a kansu da sanda yana cewa kada wanda ya kuskura ya soka ko tsinke. Mun ɓoye wa yarinyar maganar, don kada ta tsorata. Da muka zo daidai wurin sai ta saki hannuna, ta cire takalmanta ta riƙe, ta bi ta gefe a kan yatsun ƙafa, ta yi wani ɗan lanƙwasa kamar tana kauce wa tabarmar da aka shimfiɗa. Na tambaye ta wa ya koya mata haka, ko a makaranta ta ji ana faɗa.

Ta ɗora yatsa a baki, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Inna, rage murya. Kaka ya ce in riƙa takawa sannu ta nan. Akwai wata 'yar ƙarama awa ni, tana barci kusa ga innarta."